Kaset Bakwai na 'Yan Maƙera

Tun ranar da na dawo daga Doha na ajiye tuƙi, babu abin da ya jawo mini surutu a gidan nan kamar ƙaramin akwatin kaset ɗin da ke saman durowar ɗakina. Ina jin abin da ake cewa, kunnena bai mutu ba, ko da yake kiɗan da ke cikin akwatin ya yi iya ƙoƙarinsa. Gwaggonku ta Bakori ta leƙa ta ga hoton kunama mai haƙoran mutum, ta fita tana a'uziyya, ta je tana faɗa wai na shiga wata ƙungiya a ƙasar Larabawa. Ku kuma kun lura akwatin gurbi bakwai gare shi amma kaset shida ne a ciki, sai kuka ɗora wa Sadiq, autanku, cewa shi ya ɓatar da ɗaya. To, a wannan karon dai Sadiq bai ɓatar da komai ba. Bari in rubuta muku yadda aka yi da hannuna, don kada bayan raina kowa ya ba da nasa labarin.

Kafil ɗina, wato mutumin da ya ɗauke ni aiki kuma takardun zamana suke a hannunsa, sunansa Abu Nasir. Gidansa yana Madinat Khalifa ta arewa, ni kuma ɗakina yana jikin gareji. Injiniya ne da ya yi ritaya, dattijo mai furfura a gemu, kullum cikin farar jallabiya da carbi, kuma ban taɓa riga shi zuwa sallar asuba ba. A samartakarsa ya yi karatu a Ingila, ya dawo da takardar digiri da kuma wata cuta da babu asibitin da ke maganinta. Gidan akwai motoci sababbi fil, amma shi ba ya shiga kowace sai wata tsohuwar jif, don ita kaɗai ce ke da gidan kaset. Ranar farko da na ɗauke shi, muna fita daga layi ya miƙa hannu ya tura kaset. Sai na ji wani ƙara kamar an zuba guduma da kwanoni a cikin injin niƙa. Ni direba ne tun ina saurayi a tashar Funtuwa, na san kukan mota idan za ta mutu. Na ba da sigina, na gangara gefe, na fita da gudu na buɗe bonet.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Me ya faru?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, inji ya buga."

Ya yi dariya har baƙar igiyar da ke riƙe da mayafin kansa ta faɗo cinyarsa. Da ya samu numfashi ya ce mini ba inji ba ne, waƙa ce, kuma ita ce waƙa mafi daɗi da ɗan Adam ya taɓa yi. Turawa suna kiran irin kiɗan hebi metal, wai ƙarfe mai nauyi, kuma a nan dai ba su yi ƙarya ba. Masu yin sa wasu Turawan Ingila ne su biyar, gashi har gadon baya, sunan ƙungiyarsu kuwa bai taɓa zama a bakina ba, sai na sa musu 'Yan Maƙera. Kaset bakwai suka yi a rayuwarsu, kuma Abu Nasir yana da duka.

A cikin makon nan ne kuma na yi abin da ya zo ya tsaya mini a wuya bayan shekaru. Mutanen can ba sa kiran babban mutum da sunansa tsirara. Da sunan ɗansa na fari ake kiransa, a ce Abu wane, kuma girmamawa ce babba. Muna tsaye a danja Abu Nasir ya ce ba zai riƙa kiran magidanci kamar ni Haruna ba kamar wani ɗan aike, in gaya masa sunan babban ɗana. Ku kun san gidan da muka fito. Mahaifina ya mutu bai taɓa furta sunan wana ba, sai dai ya ce "wancan" ko "mutumin nan". Ni ma tun ranar suna ban sake bari sunan Yayanku ya fito daga bakina ba, kuma yanzu ga wani Balarabe yana so in faɗe shi a tsakiyar titi, sannan a riƙa kirana da shi safe da yamma. Danja ta ba mu hannu, na baya suna ham, shi kuma yana jira.

Na ce, "Sadiq."

Ya ce, "Masha Allah. Abu Sadiq! Khalas, shi ke nan."

A lokacin ko yaye Sadiq ba a daɗe da yi ba. Ban ga laifina ba a ranar, kuma har yau ban gani ba. Sunan auta ai na kowa ne, da shi ake kiran kaji ma a tsakar gida. Haka na zama Abu Sadiq a wurin maigida, da masu gadi, da mai shagon shayin karak na bakin layi.

Maganar kiɗan kuwa, da farko na ɗauke ta a matsayin jarrabawa daga Allah. Har na je Al Thumama wurin Malam Isuhu, wani mutumin Gusau da ke gadi a can, wanda ya ɗan yi karatu, don in ji hukuncin direban da ake kunna wa irin wannan abu ba da son ransa ba. Ya ce sai ya ji da kunnensa. Na shigar da shi jif na tura masa kaset. Ya saurara yana ƙifta ido, sannan ya ce in kashe.

Ya ce, "Haruna, hukuncin kiɗa na san shi. Amma wannan sai an fara tabbatar da cewa kiɗa ne."

Abin da ban gaya wa Malam Isuhu ba shi ne, abu idan ana ɗura maka shi kullum, yakan samu wurin zama. Aikina ne idan kaset ya harɗe in sa biro in naɗe shi, aikina ne in san wanda za a sa idan maigida ya tashi da fushi da wanda za a sa idan za mu asibiti. Tun da ban iya karanta sunayensu ba, sai na sa musu suna da hoton da ke bango: Mai Ƙofa shi ne na farkon fitowa, sai Mai Jirgin Ruwa, Mai Kunama, Mai Agogo, Mai Mujiya, Mai Farin Gida, sai autansu Mai Wuta. Bayan 'yan shekaru na kama yatsuna suna buga sitiyari ba da iznina ba. Wata rana ina wankin mota mai aikin gidan ta leƙo a tsorace ta tambaye ni ko cikina ke ciwo, ashe bin waƙa nake yi.

Abu Nasir yana da abokin wannan cuta, ƙanin matarsa, likitan haƙori ne, kowa Dakta yake ce masa. Ni ban yi mamakinsa ba, mutumin da ya wuni yana huda haƙoran jama'a da inji dole irin wannan kiɗa ya yi masa daɗi. Duk Juma'a bayan masallaci sukan ci abinci a majalisar gidan, ana ɗauke faranti sai su fara. Abu Nasir ya ce Mai Ƙofa ne sarki, sauran duk bayinsa ne. Dakta ya ce Mai Ƙofa aikin yara ne, kamar a cikin rijiya aka ɗauki sautin, Mai Kunama ne ƙarshen magana. Tun suna ɗalibai a Ingila suke wannan gardama. An ce akwai Sallar da suka yi ba sa gaisawa a kanta, sai da matar Abu Nasir ta ɓoye akwatin ta ce ba za ta fito da shi ba sai sun rungumi juna.

Muna cikin haka shekarar da nake so in ba ku labari ta zo. Yayanku ya samu tallafin ƙaro karatu, kuma cikin ikon Allah a Doha. Shi ya kira ni da kansa, muryarsa tana rawa don murna.

Na ce, "To, madalla. Allah ya sa albarka. Sadiq na kusa?"

Abin da ya ji ke nan. Abin da bai gani ba shi ne, ina kashe wayar na zagaya bayan jif na yi sujada a kan siminti mai zafi har goshina ya yi ja, sannan na je na saya wa duk direbobin layin karak, suna tambayar murnar me ake yi ina cewa ba komai. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba. Amma ni haka aka koya mini riƙe shi.

Ranar da ya sauka, Abu Nasir ya ce in ɗauki jif in ɗauko shi, kuma in fara biyo da shi gida su gaisa. Na karɓi jakarsa a filin jirgi, na tambaye shi damina da lafiyar mutanen gida, ya amsa. Muna isa muka tarar da dattijon a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa.

Ya ce, "Ahlan, ahlan! Sadiq! Abu Sadiq, ashe ɗan naka ya fi ka tsawo!"

Yayanku ya yi Larabci a makaranta, ya san abin da Abu wane yake nufi a ƙasar nan fiye da ni. Na ga fuskarsa ta canza. Amma yaro ne mai tarbiyya, sai ya sunkuya ya gaida dattijon da hannu biyu.

Ya ce, "Ni ba Sadiq ba ne, ranka ya daɗe. Ɗaya ne dai daga cikin 'ya'yansa."

Abu Nasir bai gane komai ba, ya ce to Allah ya kawo Sadiq ɗin ma wata rana, lalle zai yi ƙato. A hanyar kai shi masaukin ɗalibai babu wanda ya ce uffan. Ban taɓa marmarin 'Yan Maƙera su cika mini mota ba kamar ranar. Daga nan sai ya ɗauke ƙafa. Gari ɗaya muke, tafiyar da ba ta kai a sha shayi ya huce ba, amma idan na kira sai ya ce yana ɗakin karatu. Da ƙyar na samu ya fito wata Juma'a da la'asar muka haɗu a Corniche. Muka yi ta tafiya a bakin ruwa muna kallon jiragen katako, ina nuna masa gine-gine kamar ni na gina su. Can ya tsaya ya dafa ƙarfen bakin ruwan.

Ya ce, "Baba, na san alkunya, ni ba yaro ba ne. Amma alkunya ai ɓoye abu ake yi. Ni tun tasowata ban taɓa ganin alamar akwai abin da ake ɓoyewa ba. Ga shi na zo ƙasar da ake kiran uba da sunan ɗansa na fari, na tarar an ba wani kujerata."

Ya ƙara da cewa idan ya gama zai nemi wata ƙasar ya wuce, don bai ga abin da zai koma ya yi a gida ba. Kalamansa sun shige ni har ƙashi. Na buɗe baki, akwai magana cike da ƙirjina, abin da ya fito shi ne, "Ka ci abinci?" Ya ce ya ci. Muka rabu.

Washegari mahaifiyarku ta kira, ko gaisuwa ba ta gama ba.

Ta ce, "Malam, yaron nan zai tafi mana fa."

Na ce, "Ke ma ai ba kya kiran sunansa."

Ta ce, "Ni ina cika masa kwano ya fi na kowa, yana gani. Kai me kake cika masa?"

Sai na ce mata maigida yana kira. Watanni suka wuce a haka. Na rame, har Abu Nasir ya ce ko Dakta ya duba mini haƙori.

To, a cikin wannan hali ne gardamar dattawan nan biyu ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Wata Juma'a Dakta ya ce Mai Ƙofa ko na huɗu bai kai ba, Abu Nasir ya ce a fitar masa daga gida, matarsa ta aiko daga ciki cewa ta gaji, ko su samu alƙali ko ta ba mai kwasar shara akwatin. Suka yi ta neman wanda ya san kaset ɗin duka kuma ba ya ɓangaren kowa. Sai Dakta ya hango ni ta taga ina goge gilashin jif. Ya ce a duk faɗin Qatar babu mai rai da ya saurari bakwai ɗin nan kamar Abu Sadiq, kuma shi ba ya jin abin da suke cewa, saboda haka ba za a ruɗe shi da kalmomi ba. Aka yanke cewa Juma'a mai zuwa zan jera su daga wanda ya fi zuwa wanda ya fi muni, kuma abin da na faɗa ya zauna. Sai dai Larabcina na titi ne, dama, hagu, miƙe, yalla, ba zai ɗauki shari'a ba. Abu Nasir ya ce in kawo ɗan nan nawa mai karatu ya yi tafinta, kuma da kansa ya kira shi. Yayanku zai iya ce mini yana ɗakin karatu, amma ba zai iya ce wa dattijo mai furfura haka ba.

Ranar muka ci shinkafa da naman rago har na ji tsoron barci zai ɗauke alƙali. Aka zagaya da gahawa a 'yan kofunan nan da ba sa cika baki. Sannan aka share tiren dabino aka zube kaset bakwai a kai, aka ajiye a gabana. Dattawan suka zauna ɗaya dama ɗaya hagu, kowa yana jan carbi da ƙarfi. Yayanku yana gefena, ya gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabci, idonsa a kan darduma. Na yi bisimilla, na miƙa hannu na ɗauki Mai Ƙofa na sa a aljihun gaban rigata. Abu Nasir ya yi murmushi ya kalli Dakta, a zatonsa wani salo ne na alƙalai.

Na ɗauki Mai Kunama na ajiye a farkon jeri. Na ce wa Yayanku ya gaya musu, mai gangar cikinsa kamar hannu huɗu gare shi, kuma duk direban da aka sa wa wannan a doguwar hanya ba zai yi gyangyaɗi ba ko da kwana ya yi bai runtsa ba. Yana gama fassarawa Dakta ya miƙe ya sumbaci kaina. Abu Nasir ya daina jan carbi.

Na biyu na sa Mai Jirgin Ruwa, saboda waƙoƙinsa dogaye ne, guda ɗaya takan kai mu daga gida har Corniche ko da cunkoso, ba sai na saki sitiyari na juya kaset ba. Na uku na sa Mai Farin Gida. A nan ne majalisa ta kama da wuta. Wannan shi ne wanda 'Yan Maƙera suka aske gashi suka sassauta murya suna waƙar soyayya, kuma duk mai son su yana jin kunyarsa. Dattawan nan biyu da suka shekara talatin ba su yarda da juna a kan komai ba suka haɗu a kaina suna ihu. Na ce wa tafinta ya gaya musu, shi kaɗai ne idan yana ci nake jin ham ɗin motar baya, kuma ni ne alƙali. Na lura gefen bakin Yayanku ya ɗan motsa, amma ya danne.

Na huɗu Mai Mujiya, wanda suka canza mawaƙi. Na ce sabon yana da murya, amma kamar direban aro yake, ya san hanya bai san motar ba. Na biyar autansu Mai Wuta, wanda suka yi bayan sun tsufa. Na ce tsofaffi ne ke ƙoƙarin tsalle, ana jin gwiwoyinsu suna ƙara, amma auta ne, ana yi masa haƙuri. Duk wanda na ɗauka sai Abu Nasir ya kalli aljihuna, fuskarsa tana ƙara duhu. Na ƙarshe na ajiye Mai Agogo can nesa da sauran. Shi ne yake ci ranar da na goga jif a shataletale, shi ne kuma ya fi kowane harɗewa, ya cinye mini biro ba adadi. Na ce ban yafe masa ba. Sannan na naɗe hannuwa na ce, "Khalas."

Abu Nasir ya ce, "Khalas? Ina Mai Ƙofa?"

Na dafe aljihun rigata.

Ya ce, "Wato ko na ƙarshe bai kai ba? Shekara nawa kana cin abincina, Abu Sadiq, ashe haka ka ɗauke shi?"

Dakta ya kwanta a kan matashi yana dariya yana buga ƙafa. Ni kuwa na ga abin da ke gabana sarai. Idan na ciro kaset ɗin na ɗora a sama, an gama, kowa ya tafi gida. Amma hannuna ya ƙi, domin ba da wasa na sa shi a aljihu ba, haka kawai jikina ya yi, kamar yadda ya yi a danja shekarun baya. Kuma ga mutumin da zai ɗauki maganata ya kai, zaune a gefena, dole kowace kalma ta bi ta bakinsa. Ban kalle shi ba. Tiren dabino na kalla.

Na ce, "Ka gaya masa, a wurinmu na fari ba ya shiga jeri."

Ya fassara.

Na ce, "Ka gaya masa, sauran ana iya cewa wannan ya fi wancan, don kafin su zo an riga an iya. Shi na fari, lokacin ba su da komai. Maigida da kansa ya ba ni labari, ɗaki ɗaya suka kama haya, kayan kiɗan na aro, muryar mai waƙar tana rawa don tsoro. Duk abin da suka zama, a kansa suka koya."

Ya fassara, amma a hankali, kamar mai taka ƙasa mai santsi.

Na ce, "Ka gaya masa, ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane. Ba don babu abin faɗa ba. Idan mutum ya buɗe baki a kansa sai an ga cikinsa gaba ɗaya, kuma magidanci ba ya yawo haka. Shi ya sa ake ɗaukar sunan ƙarami a tare da shi. Ka gaya masa, ranar da aka ce ya samu karatu, goshina sai da ya ƙone a bayan jif."

Wannan ta ƙarshe ba ta cikin maganar kaset, ni ma na sani. Tafinta bai fassara ba. Na ji numfashinsa ya canza, amma ban ɗaga kai ba.

Abu Nasir ya ce, "Yalla, fassara! Me ya ce?"

Yayanku ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya ce da Larabci, "Ya ce naka ne na ɗaya."

Dattijon nan ya yi tsalle kamar ba shi ke ciwon baya ba. Dakta ya ce bai yarda ba, an yi maguɗi, mutum ya yi dogon jawabi a fassara shi da kalma huɗu, kuma me ya kawo jif a ciki, ya ji an ce jif. Sai ya dubi Yayanku da kyau, ya ga idonsa, ya dube ni. Likita ne, ya saba gano inda ke ciwo ko majiyyaci bai nuna ba.

Ya ce, "Kai ne babba?"

Ya ce, "Ni ne."

"To Sadiq fa?"

"Yana firamare."

Abu Nasir ya riƙe kai. Ya ce wato duk shekarun nan da sunan jariri yake kirana a gaban jama'a? Yayanku ya yi masa bayanin al'adarmu, yana ji yana girgiza kai, ya ce bai taɓa jin mutanen da suke wahalar da kansu irinmu ba. Sannan ya tambaye shi sunansa, ya faɗa. Dattijon ya juyo gare ni, ya gyara zama, ya kira ni Abu, ya haɗa da sunan, da ƙarfi, kamar mai kiran sahu. Na tuna mahaifina, na san da shi ne da tashi zai yi ya nemi takalmansa. Na ji kunya kamar an tuɓe ni a kasuwa. Amma na ji idon Yayanku a gefen fuskata.

Na ce, "Na'am."

Kada ku ɗauka a banza na sha. Kafin mako ya zagayo duk layin sun canza mini suna, mai karak yana ƙwala shi tun daga nesa. Malam Isuhu ya riƙa kirana a waya ba don komai ba sai don ya faɗa ya ji na amsa. Labari ya zo har Funtuwa, wana ya aiko mini cewa Larabawa sun cire mini kunya, kuma har ya rasu bai janye ba. Mahaifiyarku da ta ji, dariya ta fara yi a waya, daga baya na ji ta koma wani abu, ta kashe. Abu Nasir kuwa, don murnar nasara, wata guda cur babu abin da aka sa a jif sai Mai Ƙofa, safe da yamma. Dakta bai taɓa karɓar hukuncin ba, har na baro ƙasar yana cewa zai ɗaukaka ƙara.

A ranar shari'ar dai, da yamma, ni na mayar da Yayanku masauki. Da muka yi nisa, sai ya miƙo hannu.

Ya ce, "Baba, kawo in ji abin da ya fi ɗin."

Na ciro daga aljihu na ba shi, ya tura. Guduma da kwanoni suka zubo. Ya dafe kunne ya ce, "Baba, wannan ai hayaniya ce!"

Na ce, "Haka yake da farko. Sai an daɗe da shi."

Ya yi dariya, ni ma na yi, kuma rabon da mu yi dariya tare tun yana rarrafe. Juma'ar da ta biyo shi ya kira ni ya ce mu haɗu a Corniche. Da ya gama karatunsa bai wuce ko'ina ba, gida ya dawo, ga shi nan yana koyarwa a Zariya. 'Yarsa ta fari kuwa tun safe yake kiran sunanta har dare, yana ɗaga ta sama a gaban surukai, ni dai idan na je sai in kalli bango.

Lokacin da zan baro Doha jif ta riga ta mutu, Abu Nasir ya ce akwatin ba shi da amfani a gidan da babu abin kunna shi, ya ba ni duka bakwai. Shida na jera su yadda na yanke ranar, Mai Kunama a gaba, Mai Agogo a ƙarshe, kuma kada wanda ya taɓa mini jerin. Na bakwai yana Zariya a kan teburin Yayanku. Ba shi da rediyon kaset, kuma har gobe ya ce hayaniya ce, amma ku gwada ɗauka ku gani. Saboda haka ku ƙyale Sadiq ya sarara, ku kuma gaya wa gwaggonku ƙungiyar da na shiga mu uku ne, biyu Larabawa, kuma dukkanmu muna salla. Wanda ya zo yana so in jera ku kamar kaset, ya koma, na yi alƙalanci sau ɗaya ya ishe ni. Wanda kuma yake bin wannan littafi shafi-shafi yana neman inda na rubuta sunan Yayanku, ya huta da wahala. Yana aljihu.